TARIHIN MARIYA TELKES, SARAUNIYAR RANA

A darasin tarihi mun saba da jin labarin sarakuna da mayaƙa da manyan malamai. A wannan fitowa ta mujallarmu ina so in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai tarihin wata mace wadda ba ta taɓa riƙe sarautar ko da ƙauye ba, amma duk da haka mutanen Amurka suka yi mata laƙabi da Sarauniyar Rana. Sunanta Mariya Telkes. Ta yi kusan shekara hamsin tana fama da tambaya guda ɗaya, watau yaya mutum zai kama zafin rana ya ajiye shi, don ya yi amfani da shi da dare, ko a kwanakin da rana ba ta fito ba. Dalilin da ya sa na zaɓe ta kuwa shi ne, duk gidan da ake so ya rayu da ƙarfin rana kaɗai, ko na iyali ɗaya ne ko dogon bene mai ɗauke da iyalai da yawa, tilas mai zanensa ya amsa wannan tambaya tata tun kafin a haƙa harsashi.

Haihuwarta da karatunta

An haifi Mariya Telkes ran 12 ga Disamba, 1900, a Budapest, babban birnin ƙasar Hangari da ke tsakiyar Turai. A can ta yi makarantar firamare da ta sakandare, sa'an nan ta shiga Jami'ar Budapest. A wannan zamani kuwa ko a Turai ba kasafai 'ya mace takan kai jami'a ba, balle a ce ta ɗauki kimiyya. Ita dai ta ɗauka, ta zaɓi fannin da ke binciken yadda zafi da lantarki ke sauya halin abubuwa. Ta sami digirinta na farko cikin 1920, na dakta kuma cikin 1924. Tun tana ɗaliba ta karanta wani littafi na wani malami ɗan ƙasarsu, Kornel Zelovich, a kan inda mutane za su riƙa samun makamashi nan gaba. Daga nan ne sha'awar rana ta shige ta, ba ta kuma sake ta ba har tsufanta.

Cikin 1925 ta ƙetare teku zuwa Amurka, wurin wani ɗan'uwanta da ke wakiltar ƙasarsu a birnin Cleveland. Nan ta sami aiki a ɗakin binciken wani babban asibiti, tare da shahararren likitan fiɗa George Crile. Ta yi fiye da shekara goma a wurin, har suka ƙera wata na'ura mai auna lantarkin da ke fita daga ƙwaƙwalwar mutum. Cikin 1937 ta zama 'yar ƙasar Amurka, kuma a shekarar ta koma kamfanin Westinghouse, inda ta riƙa gwada ƙarafa iri iri waɗanda in an haɗa su aka gasa gefe ɗaya sai su ba da lantarki. Cikin 1939 aka ɗauke ta a Cibiyar Fasaha ta jihar Masacusets, wadda aka fi sani da MIT, a ƙungiyar da aka kafa don binciken ƙarfin rana. Shugaban ƙungiyar shi ne Farfesa Hoyt Hottel.

Aikinta a lokacin yaƙi

Ba ta daɗe da fara wannan aiki ba sai Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu. Akwai wata masifa da ke samun matuƙan jiragen sama da ma'aikatan jiragen ruwa a lokacin. In aka harbo jirginsu suka tsira a kwalekwalen roba, sai ƙishirwa ta kashe su alhali suna tsakiyar ruwa, domin ruwan teku gishiri gare shi, ba ya shayuwa. Gwamnati ta nemi masana su samo dabara. Mariya ta ƙirƙiro wani abu kamar balan-balan na roba mai haske, wanda ake hurawa da baki, a cikinsa kuma akwai baƙin soso. In an jiƙa soson da ruwan teku, rana ta buge shi, sai tururi ya tashi ya bar gishirin a baya, ya taru a jikin robar, ya gangaro ya zama ruwan daɗi. Duk wadda ta taɓa buɗe murfin tukunya ta ga ɗigon ruwa a jikinsa ta san asalin wannan dabara. Abin yakan ba da kusan lita ɗaya a yini, wadda za ta riƙe ran mutum har a zo ceto. An sami jinkiri wajen ƙera shi da yawa, bai kai hannun soja ba sai wajen ƙarshen yaƙin, amma daga baya ya shiga cikin kayan ceto na jirage.

Matsalar ajiye zafi

A nan ne nake roƙon mai karatu ya ɗan natsu, domin wannan shi ne zuciyar labarin. Jihar Masacusets ƙasar sanyi ce ƙwarai. Da hunturu ruwa yakan daskare a waje, dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyi, kuma gidan da ba a ɗumama shi ba ba ya zaunuwa. Da kwal da man fetur suke ɗumama gidajensu. Kama zafin rana ba shi da wuya, kowa ya san baƙin ƙarfe in ya sha rana ba ya taɓuwa. Wuyar ita ce, lokacin da aka fi bukatar ɗumi, watau da dare da ranakun hadari, shi ne lokacin da babu rana. Saboda haka sai an sami rumbun da za a zuba zafin a ciki, kamar yadda manomi ke zuba hatsin kaka don ya ci da bazara.

Hottel da mutanensa ruwa suka ɗauka ya zama rumbunsu. Gidan gwaji na farko da suka gina cikin 1939 yana da ƙatuwar tankin ruwa a ƙarƙashinsa, rana ta ɗumama ruwan, ruwan ya ɗumama gidan. Ruwa ba shi da tsada kuma halinsa sananne ne, sai dai yana cin wuri da yawa. Mariya kuwa wata hanya ta hango. Idan ka saka ƙanƙara cikin kofin ruwa a rana, za ka ga ruwan ba zai yi ɗumi ba sai ƙanƙarar ta gama narkewa ƙaf. To, ina zafin da ke shiga kofin yake tafiya? Ƙanƙarar ce ke shanye shi wajen narkewa. Haka kowane abu mai narkewa yake, ko man shanu ne ko kakin zuma: yana shan zafi mai yawa sa'ad da yake narkewa, kuma yana mayar da wannan zafin daidai wa daida sa'ad da yake daskarewa.

Sai ta nemi abin da ke narkewa da ɗan matsakaicin zafi, mai araha kuma. Ta same shi a wani gishiri da ake kira gishirin Glauber, sunan wani masani Bajamushe da ya gano shi a ƙarni na 17. Likitocin da sukan ba da shi don wanke ciki. Ƙwayoyin wannan gishiri suna riƙe da ruwa a cikinsu, kuma da zafi ya kai digiri 32 a ma'aunin santigireti sai ya narke cikin ruwan nasa. A ƙasarmu da bazara ko a inuwa aka ajiye shi zai narke. Zafin da kilo ɗaya na gishirin nan ke sha wajen narkewa ya kai wanda zai ɗaga kilo ɗaya na ruwa da kusan digiri 60. Ke nan ƙaramin rumbun gishiri zai yi aikin babban rumbun ruwa. An gwada dabarar tata a MIT bayan yaƙi, gwajin bai yi kyau ba, aka ɗora mata laifi, dangantaka ta yi tsami tsakaninta da Hottel. Amma ba ta bar ra'ayinta ba.

Gidan Rana na Dover

Da ta ga ƙofa ta rufe a wurin aikinta, sai ta nemi wata a waje. Ta haɗu da wasu mata biyu. Ɗaya ita ce Eleanor Raymond, gwanar zanen gine-gine ta birnin Boston. Ɗayar kuwa Amelia Peabody, attajira mai sana'ar sassaƙa, wadda ta ba da fili a gonarta da ke garin Dover kusa da Boston, ta kuma ba da kuɗin aikin. Su ukun nan suka gina gidan da ya yi suna a duniya cikin 1948, gidan da ba a saka masa murhun ɗumama ɗaki ko ɗaya ba.

Ga yadda tsarinsa yake. A ƙasashen arewacin duniya, da hunturu rana ba ta hawa tsakiyar sama, ta gefen kudu take bi ƙasa ƙasa. Don haka suka juya fuskar gidan kudu, suka yi masa siffa kamar an raba gida biyu an ɗauke rabi, gaban dogo, bayan gajere. A saman bangon kudu suka jera manyan tagogi 18 na gilashi, bayan kowace taga kuma akwai farantin ƙarfe mai baƙin fenti. Rana ta ratsa gilashi ta gasa ƙarfen, ƙarfen ya ɗumama iskar da ke tsakani, sai fanka ta tura iskar cikin bututu zuwa wasu ƙananan ɗakuna da ke tsakanin bangayen gidan. A cikin waɗannan ne aka jera gwangwanaye cike da gishirin, nauyinsa ya kai tan 21. Da rana gishiri ya narke ya sha zafi. Da dare ya daskare ya saki zafin, fanka ta rarraba shi cikin ɗakuna. An yi lissafin rumbun zai ɗauki gidan kwanaki da dama ko da rana ba ta leƙo ba. Fankokin dai da wutar lantarkin gari suke aiki, amma ɗumin gidan duka daga rana yake.

A ƙarshen Disamba na 1948 wani ɗan'uwan Mariya ya tare a gidan da matarsa da ƙaramin ɗansu. Wannan ba wasa ba ne, domin in dabarar ta ƙi, yaro ne zai kwana cikin sanyin da ke daskarar da ruwa. Hunturun farko ya wuce lafiya, na biyu ma haka. Jaridu da mujallu suka yi ta buga hoton gidan, baƙi suka yi ta tururuwa, don gani ya kori ji.

A hunturu na uku sai abu ya ɓaci, ta hanyoyi biyu. Na farko, duk sa'ad da gishirin ya narke, wani sashe nasa mai nauyi yakan kwanta a gindin gwangwani ya rabu da ruwan, kamar yadda gasara ke kwanciya a ƙasan ƙwarya. Da sanyi ya zo ba ya komawa ya haɗu da ruwan sosai, saboda haka kullum rumbun yana raguwa kaɗan kaɗan. Na biyu, gishiri ya ci ƙarfen gwangwanayen, suka yi tsatsa suka fara yoyo. Gida ya yi sanyi, daga bisani aka cire kayan aka saka murhu mai aiki da mai. Cikin 1953 aka sallami Mariya daga MIT.

Bayan faɗuwa

Wani da ya sha irin wannan kunya a gaban duniya da sai ya sake sana'a. Ita kuwa a shekarar ta koma Jami'ar Niyu Yok ta buɗe ɗakin binciken rana. Gidauniyar Ford ta ba ta dala 45,000 don ta ƙera murhun girki mai aiki da rana, saboda ƙasashen da rana ta yi musu yawa itace ya yi musu kaɗan. Abin da ta ƙera akwati ne mai murfin gilashi, jikinsa a toshe don kada zafi ya fita, da wasu fikafikai masu ƙyalli da ke tattaro hasken su zuba a ciki. Zafinsa yakan wuce digiri 170, ya isa gasa burodi da nama. Yawancin akwatunan girki da rana da ake yi har yau a kan wannan tsari suke.

Ba ta kuma manta da gishirinta ba. Ta koma ta bi cututtukansa ɗaya ɗaya. Ta gano cewa in an zuba masa ɗan sinadarin boraks yakan daskare a kan lokaci, ba ya yin gardama. Daga baya kuma ta gano cewa in an gauraya shi da wani irin yumɓu ya yi kauri kamar kunu, sashen nan mai nauyi ba ya samun damar kwanciya. Ni a ganina wannan ya fi ginin gidan Dover nuna halinta, domin aiki ne na shekaru a ɓoye, ba mai ɗaukar hoto, ba mai tafi.

Ana cikin haka duniya ta sauya. Cikin 1954 masanan ɗakin binciken Bell a Amurka suka fito da farantin silikon mai mayar da hasken rana lantarki, kakan waɗanda muke kira sola a yau. Cikin 1969 Mariya ta koma Jami'ar Delaware. A can, tare da Farfesa Karl Böer, aka gina wani gida cikin 1973 da aka sa wa suna Solar One, wanda rufinsa ke ba da zafi da lantarki gaba ɗaya. Ita ce ta tsara rumbunan gishirin gidan, wani na ajiye ɗumi don hunturu, wani na ajiye sanyin dare don rage zafin rana da bazara. A wannan shekara ce kuma ƙasashen Larabawa suka tsuke bakin famfon mai, farashi ya yi tashin gwauron zabo, layin motoci ya cika gidajen mai a Amurka. Mutanen da suka yi mata dariya sa'ad da mai ke da araha sai ga su suna neman shawararta. Lalle mai haƙuri yakan dafa dutse.

An girmama ta tun tana da rai. Cikin 1952 ƙungiyar mata injiniyoyi ta Amurka ta ba ta lambar yabonta, ita ce ta farko da ta taɓa karɓa. Cikin 1977 ƙungiyar masana ƙarfin rana ta ƙasar ita ma ta ba ta tata. Ta yi rajistar ƙirƙire-ƙirƙire fiye da 20 da sunanta. Bayan shekara 70 rabonta da gida, ta koma Budapest ziyara, a can kuma ta rasu ran 2 ga Disamba, 1995, saura kwana goma ta cika shekara 95. Cikin 2012 aka shigar da sunanta cikin jerin manyan masu ƙirƙira na Amurka.

Abin da ya biyo bayanta

Gidan Dover na iyali ɗaya ne. Bene mai iyalai da yawa ya fi shi wuya, domin rufi ɗaya ne tak, masu bukata kuwa suna da yawa a ƙarƙashinsa. Duk da haka an kai ga yin sa, kuma ƙasar Switzalan ta ba da misalai biyu.

Cikin 2007, a garin Oberburg, kamfanin Jenni ya gama wani bene mai sassa 8, kowane sashe da iyalinsa, wanda ɗuminsa da ruwan zafinsa duka daga rana suke. An rufe gefen kudu na rufin da faranta masu kama zafi, a tsakiyar ginin kuma aka tsayar da tanki mai cin lita 205,000 na ruwa, wanda ke shan zafin bazara ya riƙe shi har hunturu. Abin lura a nan shi ne, ruwa aka yi amfani da shi, watau hanyar Hottel. Ashe kowannensu yana da tasa gaskiyar.

Cikin 2016 kuma, a garin Brütten, aka buɗe wani bene mai sassa 9 wanda ba a ja masa wayar lantarki daga gari ba, ba bututun gas, ba tankin mai. Da yake rufi bai isa ba, sai aka lulluɓe bangayen ma da farantan sola, kamar yadda Mariya da Eleanor suka mai da bangon kudu wurin kama rana. Rumbunansa kuwa hawa hawa ne. Akwai batura masu riƙe wutar 'yan kwanaki. Akwai tankunan ruwa a ƙarƙashin ƙasa masu riƙe zafi. Sa'an nan rarar wutar bazara ana amfani da ita a raba ruwa a fitar da iskar haidirojin, a ajiye ta cikin tanki, da hunturu a mayar da ita lantarki. An kuma yi bangayen da tagogin yadda zafi ba zai sulale ba, aka saka fitilu da kayan aiki marasa cin wuta, don rumbu ba ya cika in gindinsa a huje yake.

Dabarar narkewa da daskarewa ma ba ta mutu ba. Yau ana yin allunan bango masu ɗauke da ƙananan ƙwayoyin kaki, waɗanda ke narkewa da rana su sha zafin ɗaki, da dare su daskare.

Abin da na koya daga tarihinta

Mu a nan zafi ne damuwarmu, sanyinmu na 'yan watanni ne. Amma ƙa'idar ɗaya ce, juya ta kawai za a yi. Duk wanda ya taɓa shiga soron ƙasa mai kaurin bango da tsakar rana ya ji sanyinsa, ya ga rumbun da magina na gargajiya suka yi: bangon yana shan sanyin dare ya riƙe shi zuwa rana, ya sha zafin rana ya sake shi da dare. Garuruwanmu suna girma, fili yana tsada, benaye suna ƙaruwa. Waɗanda za su zana su nan gaba suna cikinmu a ajujuwan nan. Ina fata za su tuna da tsarin da tarihin nan ya nuna: a fara duba ta ina rana ke bi kafin a juya fuskar gini, a toshe hanyoyin ɓarna, sa'an nan a kama hasken, a kuma tanadi inda za a ajiye shi.

Abu na biyu, ga 'yan'uwana mata musamman, waɗanda ake ce wa lissafi da kimiyya na maza ne. Mata uku ne suka gina gidan Dover, ɗaya da iliminta, ɗaya da zanenta, ɗaya da dukiyarta. Na uku kuma ga dukkanmu masu jiran jarrabawa: gidan da ya ɗaukaka sunan Mariya Telkes hunturu biyu kawai ya yi yana aiki sosai. Da ya lalace ta koma ta binciki dalili, ta yi fiye da shekara ashirin tana gyara, har ta ga an gina wanda ya fi shi. Wannan shi ne ɗan abin da na iya tattarowa game da ita, ina fata zai amfane mu baki ɗaya.